Ranar da aka miƙa wa yarinya bindiga: Al'adar koya wa yara harbi a Amurka da abin da ke biyo bayanta

A ranar Litinin 25 ga Agustan 2014, wasu ma'aurata 'yan jihar New Jersey da ke yawon buɗe ido suka yada zango da 'ya'yansu a wani filin harbi da ke White Hills, cikin hamadar jihar Arizona ta Amurka, a gefen babbar hanyar da ta taso daga Las Vegas. Wuri ne da matafiya ke tsayawa su ci abinci, mai sha'awa kuma ya biya kuɗi a ba shi bindiga ya gwada hannunsa. Ƙa'idar wurin a lokacin ita ce duk yaron da ya kai shekara 8 zai iya harbi muddin iyayensa na tare da shi. 'Yarsu tana da shekara 9.

Malamin harbin, tsohon soja mai shekara 39, ya miƙa mata Uzi, wata gajeriyar bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Isra'ila. Ya gyara mata tsayuwa, ya dafa bayanta, ya ce ta saki harsashi ɗaya. Ta saki, ya yaba mata. Daga nan ya mayar da bindigar yanayin da take aman wuta ba tsayawa. Da yarinyar ta danna kunama, bakin bindigar ya fi ƙarfin hannunta, ya yi sama ta ɓangaren hagu inda malamin ke tsaye, harsashi ya same shi a ka. An garzaya da shi asibiti a Las Vegas cikin jirgi mai saukar ungulu, amma rai ya yi halinsa.

Iyayen suna ɗaukar bidiyo da waya a lokacin. Rahoton jami'an tsaron gundumar Mohave ya nuna cewa da farko ba su ma lura an harbi mutum ba, domin hankalinsu ya koma kan 'yarsu da ta yar da bindigar ta dafe kafaɗa, tana cewa abin ya fi ƙarfinta.

Labarin ya zaga duniya, kuma a wajen Amurka tambaya ɗaya mutane suka riƙa yi: me ya kai yarinya 'yar shekara 9 filin harbi? Ga miliyoyin Amurkawa, musamman mazauna karkara, wannan tambayar ba ta da wuyar amsawa, domin su ma haka iyaye da kakanni suka kai su suna ƙanana. Abin da ya girgiza su shi ne irin bindigar da aka ba ta. Tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu ne muhawarar take har yau.

Gadon kaka

A yankuna da dama na Amurka, ranar da aka fara kai yaro harbi tana da matsayi irin na ranar da manomi ya fara bai wa ɗansa fartanya. Yawanci ba uba kaɗai ke yin wannan ba. Kaka ne, ko kawu, ko baffa, ko wata gwaggo da ta iya farautar barewa, za ta ɗauki yaron da safiyar Asabar, a jera gwangwanaye ko a kafa takarda mai zane, a ba shi bindigar iska ko ƙaramar bindiga mai harsashin .22 wadda galibi ita ma gado ce.

Al'adar tana da hukumomi da suka daɗe suna rainonta. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda a yau aka fi sani da siyasa da adawa da dokokin taƙaita makamai, tsofaffin hafsoshin soja ne suka kafa ta a 1871, bayan sun ga yadda sojojinsu ba su iya saiti ba a yaƙin basasar ƙasar. A 1903 majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar bunƙasa koyon harbi a tsakanin farar hula, wadda a yau ake kira CMP, kuma tun 1907 ake gudanar da gasar ƙasa a Camp Perry da ke jihar Ohio. Ƙungiyar matasan karkara ta 4-H, wadda ke koyar da noma da kiwo, tana da sashen harbi na yara. Haka ma 'yan sikawut, haka wasu makarantun sakandare.

Daga cikin wannan al'ada Virginia Thrasher ta fito. Tana ƙarama burinta shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara. Wata rana, tana ƙaramar sakandare, ta bi kakanta da mahaifinta da yayyenta maza farauta, ta harbo barewa, daga nan sha'awarta ta sauya. Ta shiga ƙungiyar harbi ta makarantarsu a Springfield da ke jihar Virginia, ta wuce Jami'ar West Virginia, wadda ta yi suna a wannan fanni. A ranar Asabar 6 ga Agustan 2016, tana da shekara 19, ta doke gwanaye biyu 'yan ƙasar Sin, Du Li da Yi Siling, a harbin bindigar iska na mita 10. Lambar zinaren da ta samu ita ce ta farko da aka bayar a gasar Olamfik ta birnin Rio.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan labari ba. Abhinav Bindra, wanda a 2008 a Beijing ya zama ɗan Indiya na farko da ya ci zinaren Olamfik shi kaɗai, mahaifinsa ne ya gina masa filin harbi a gida a jihar Punjab. Tun can baya ma, Oscar Swahn na ƙasar Suwidin ya ci zinare a 1912 yana cikin tawaga ɗaya da ɗansa Alfred, ya kuma sake samun azurfa a 1920 yana da shekara 72, tarihin da har yau ba a karya ba a wasannin motsa jiki na Olamfik.

Ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba

Wanda ya san bindiga ta hanyar fina-finai ko labaran tashin hankali zai yi mamaki idan ya shiga zauren da ake wannan wasa. Babu gudu, babu ihu, babu hayaƙi. Masu harbi suna tsaye a jere kamar an dasa su, cikin riguna masu kauri da ke taimaka wa jiki ya daina rawa. Bindigar ba ta amfani da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5. Abin da ake hari yana nesa da mita 10, kuma tsakiyarsa, inda maki goma yake, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Ana harbi 60 cikin minti 75, da bindigar da nauyinta kan kai kilo biyar, kuma mafi girman makin harbi ɗaya shi ne 10.9.

A irin wannan ma'auni, bugun zuciya kansa yana iya karkatar da harsashi. A gasar Faris ta 2024, Ban Hyo-jin 'yar Koriya ta Kudu, mai shekara 16, ta yi kunnen doki da Huang Yuting ta Sin a maki 251.8. Aka ba kowace harbi ɗaya na raba gardama, Ban ta samu 10.4, Huang ta samu 10.3. Tazarar da ta raba zinare da azurfa ba ta kai kaurin farce ba.

Abin da masu goyon bayan koya wa yara ke kafa hujja da shi ke nan. Sun ce wasa ne na nutsuwa da haƙuri, wanda ke koya wa yaro ya mallaki numfashinsa da fushinsa, ya kuma karɓi sakamakon aikinsa ba tare da ɗora wa wani laifi ba, tun da ramin da ke jikin takarda ba ya ƙarya. Wasa ne kuma da ƙarfin damtse ba ya tasiri sosai, shi ya sa 'yan mata kan doke samari a cikinsa. Wannan hujja tana da nauyi, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai yi adalci ba. Sai dai tsakanin wancan zaure mai shiru da abin da aka yi a White Hills akwai tafiya mai nisa.

Yadda darasin farko ke gudana

Malaman da suka san aikinsu ba sa fara darasi da harsashi. Suna farawa da ƙa'idoji huɗu, waɗanda aka fi danganta tsarinsu ga Jeff Cooper, wani tsohon hafsan sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi a Arizona. Ana ɗaukar kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, ko da yanzu aka duba ta. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a shirya lalatawa ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an gama saiti. Sannan dole mai harbi ya san abin da yake hari da abin da ke bayansa. Hikimar tsarin ita ce sai an karya biyu daga ciki a lokaci guda kafin a yi ɓarna. Yaron da bai iya maimaita su da bakinsa ba, ko wanda aka ga yana waiwayowa da bindiga a hannu idan an kira sunansa, ana mayar da shi gida a jira wata shekara. Shekarun haihuwa ba su ne ma'auni ba a nan, jin magana ne.

Bayan haka sai a gano idon da ya fi rinjaye. Ana sa yaro ya miƙa hannuwansa gaba ya haɗa su ya bar 'yar ƙofa a tsakiya, ya hangi wani abu mai nisa ta cikinta, sannan ya janyo hannuwan zuwa fuskarsa a hankali. Idon da ƙofar ta sauka a kansa shi ne mai rinjaye. Wannan ɗan gwaji yana raba yara da dama da baƙin ciki, domin akwai na-dama da idonsu na hagu ne ke jagoranci, waɗanda za su yi ta kuskure ana zaton rashin ƙoƙari ne.

Sai zaɓen bindiga, inda manya suka fi yin kuskure. Bindigar babba ta yi wa yaro tsawo da nauyi, tana tilasta masa ya karkata baya don ya iya riƙe ta, wanda hakan ke raunana tsayuwarsa. Abin da aka saba shi ne a fara da bindigar iska, ko .22 mai gajeren gindi da ke cin harsashi ɗaya tal. Yaro yana zaune, bindigar tana kan teburi bisa jakar yashi, don kada nauyinta ya shagaltar da shi. Da farko yana danna kunama babu harsashi, har sai hannunsa ya saba da yadda ake matsa ta a hankali ba tare da fizga ba. Harsasan suna aljihun babba, shi ke miƙa su ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye a bayan yaron, kusa da kafaɗar da bindigar ke kai, inda hannunsa zai iya kaiwa gare ta kafin ƙiftawar ido, kuma idonsa yana kan hannun yaron, ba ya kallon inda harsashi ya sauka. Ba ya riƙe waya.

Ana kafa takarda babba a kusa, domin yaron da ya samu a harbinsa na farko zai so ya dawo, wanda kuma aka bari bindiga ta doke shi a kafaɗa ko ƙararta ta firgita shi zai koyi runtse ido kafin ya harba, ɗabi'ar da kan ɗauki shekaru ba ta bar mutum ba. Ana kuma tsayawa tun kafin ya gaji. Gajiya ce ke kawo wasa, wasa kuma ba shi da wuri a nan. A kowane fili mai tsari akwai jami'i mai ba da umarni, amma ana koya wa yaro cewa kowa, har da shi, yana da ikon ɗaga murya ya ce a tsagaita idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kuma dole kowa ya ajiye bindiga.

Idan aka auna abin da ya faru a Arizona da wannan ma'auni, za a ga inda aka kauce. Duk harsashin da ya fita yana tura bindiga baya, yana kuma ɗaga bakinta sama. A bindiga mai harsashi ɗaya, wannan turi sau ɗaya ne, ya wuce. Uzi ta asali tana fitar da kusan harsashi 600 a minti, wato goma a daƙiƙa guda, ƙananan samfurorinta ma sun fi haka sauri. Kowane harsashi yana ƙara ɗaga bakin kafin hannu ya dawo da shi. Mutumin da ya firgita kuma ba sakin abin da ke hannunsa yake yi ba, ƙara damƙewa yake, yatsansa na kan kunama.

Abin takaicin shi ne an riga an ga irin wannan. A ranar 26 ga Oktoban 2008, a wani bikin baje kolin bindigogi a Westfield da ke jihar Massachusetts, an bai wa wani yaro mai shekara 8 ƙaramar Uzi ya harbi kabewa. Bindigar ta juyo ta same shi a ka, a gaban mahaifinsa, wanda likita ne, yana ɗaukar bidiyo. Wanda aka sa ya kula da yaron a layin harbi shi ma yaro ne ɗan shekara 15. An gurfanar da shugaban 'yan sandan da ya shirya bikin, kotu ta wanke shi a 2011. Jihar Connecticut, inda yaron ya fito, ta yi dokar hana bai wa ɗan ƙasa da shekara 16 bindiga mai sarrafa kanta. Yawancin jihohi ba su bi sahu ba.

Illar da ba ta zubar da jini

Ko an kiyaye duk ƙa'idoji, akwai haɗura biyu da ke bin yaro gida ba tare da an gani ba. Na farko shi ne ƙara. Ƙaramar bindigar .22 ma tana kaiwa wajen desibel 140, matakin da masana lafiyar ma'aikata ke ɗauka a matsayin iyakar abin da kunne zai jure ko da sau ɗaya ne, manyan bindigogi kuwa suna haura 160. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne na soso da aka yi don manya sau da yawa ba ya zama daidai a kunnen yaro, shi ya sa ake haɗa masa biyu, na ciki da na rufewa ta waje, tare da tabarau mai kare ido. A fili mai rufi ƙarar ta fi muni, saboda tana dukan bango tana dawowa, kuma yaron yana shan ƙarar bindigar maƙwabcinsa ko da tasa ƙarama ce.

Na biyu shi ne dalma. Tana cikin harsashi, tana kuma cikin sinadarin da ke kunna albarushi, don haka kowane harbi yana watsa ƙurarta a iska, a hannu, a tufafi da takalma. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan guba, tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400. Abin da ake shaƙa a filin harbi bai kusanci wancan ba, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙe ta, ƙwaƙwalwarsa ce kuma ke biyan kuɗin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba shi da illa, kuma a 2021 ta sauke ma'aunin da take fara nuna damuwa daga maikirogiram 5 zuwa 3.5 a kowane desilita na jini. Shi ya sa filayen da suka san ya kamata ke hana ci da sha a layin harbi, suke hana yara tsince kwankon harsashi, wanda kuwa yara ke matuƙar so, suke kuma tilasta wanke hannu da fuska kafin a fita.

Bayan an koma gida

Idan ana maganar gaskiya, filin harbi mai tsari ba shi ne wurin da yaran Amurka ke mutuwa ba. Haɗura irin na Arizona da Massachusetts ba su da yawa, shi ya sa ake tuna su. Babbar matsalar tana farawa ne bayan an nannaɗe takarda an koma gida da bindigar, da kuma yaron da yanzu ya san yadda ake sarrafa ta.

A 2020, bisa alƙaluman CDC, bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, inda ta yi ajalin fiye da 4,300 a shekarar. Mafi yawansu kisan kai ne, sai kuma waɗanda suka kashe kansu, galibi da bindigar gida.

A ranar Juma'a 26 ga Nuwamban 2021, James Crumbley ya shiga wani shago a jihar Michigan tare da ɗansa mai shekara 15, ya sayi ƙaramar bindiga ƙirar SIG Sauer. Washegari mahaifiyar, Jennifer, ta kai yaron filin harbi suka gwada ta, ta kuma wallafa a shafinta na sada zumunta cewa kyautar Kirsimetinsa ce. Kyamarorin filin sun ɗauke su, kuma wanda ya kalli hoton ba zai ga abin da ya bambanta su da dubban iyalai masu irin wannan fita ba. Ranar Talata da safe makarantar sakandaren Oxford ta kira iyayen, saboda wata malama ta ga yaron ya zana bindiga da mutum cikin jini tare da kalaman neman taimako. Sun zo, sun saurara, suka koma wurin aiki suka bar shi. Babu wanda ya ambaci bindigar da aka saya kwana huɗu da suka wuce, wadda a lokacin tana cikin jakarsa. Bayan 'yan sa'o'i ya kashe ɗalibai huɗu, ya raunata mutum bakwai.

An yanke wa yaron ɗaurin rai da rai. A 2024 kuma, a shari'o'i biyu daban-daban, aka samu uwar da uban da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Su ne iyaye na farko a tarihin Amurka da aka hukunta saboda harbin kan mai uwa da wabi da ɗansu ya yi a makaranta. Masu gabatar da ƙara ba su ce kai yaro filin harbi laifi ne ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne an bar bindiga inda hannunsa zai kai, an kuma kau da kai daga alamun da ke nuna yana cikin damuwa.

Tun kafin nan, rahoton hukuma kan kisan makarantar firamare ta Sandy Hook a 2012, inda aka kashe yara 20 da manya shida, ya nuna cewa mahaifiyar maharin ta riƙa kai shi filin harbi, kuma da bindigoginta ya yi aika-aikar, bayan ya fara da ita.

Jamus ta ɗanɗana irin wannan a ranar 11 ga Maris ɗin 2009, lokacin da wani ɗan shekara 17 a garin Winnenden ya ɗauki bindigar mahaifinsa, ɗan ƙungiyar harbi, wadda aka bari a ɗakin kwana ba a kulle ba, ya kashe mutum 15. An hukunta uban, aka kuma ƙara tsaurara doka. A yau yaro a Jamus zai iya harba bindigar iska a ƙungiya daga shekara 12, da izinin iyaye da kulawar wanda aka horar kan aiki da yara, ƙaramar .22 daga shekara 14, manyan bindigogi kuwa sai ya cika 18. Hukuma tana da ikon zuwa gida ta duba inda ake ajiye makami. Maƙwabciyarta Suwizalan tana nan da tata al'adar: kowane watan Satumba dubban yara 'yan shekara 13 zuwa 17 suna taruwa a birnin Zurich don gasar da ta samo asali tun ƙarni na 17, suna harbi daga nisan mita 300 da bindigar sojan ƙasar, kowa da mai kula a gefensa. Tun 1991 ake barin 'yan mata su shiga.

A nan gida

A Najeriya lamarin ya sha bamban, tun daga harshe. Kalmar 'yan bindiga, wadda a da ke nufin dakarun sarki masu buga bindigar toka a hawan sallah, yau ta koma sunan masu satar mutane da ƙona ƙauyuka. A ƙasar da ake cikin wannan hali, da wuya a samu iyaye da yawa da za su ɗauki bindiga a matsayin kayan wasa, duk da cewa akwai hukumar wasan harbi ta ƙasa, kuma a gidajen maharba an daɗe ana gadar da sana'ar daga uba zuwa ɗa, inda yaro kan shafe shekaru yana bin manya daji yana ɗaukar kaya kafin a amince ya riƙe makami.

Doka ma ba ta bar ƙofar a buɗe ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Manyan makamai irin na soja sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta da na wasa suna ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma bindigar iska ma, wadda a Amurka ake saya wa yaro kyauta, tana cikin wannan rukuni. Bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, haka ma mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Duk da haka, lamarin ya shafi 'yan Najeriya mazauna Amurka da Turai, waɗanda 'ya'yansu kan dawo daga makaranta ko sansanin hutu da takardar neman izinin shiga ajin harbi, ko a gayyace su gidan aboki inda akwai bindiga a aljihun tebur.

A Arizona, ba a gurfanar da kowa a kan abin da ya faru a White Hills ba, domin babu dokar da aka karya. Makonni kaɗan bayan rasuwar malamin, 'ya'yansa huɗu suka fitar da saƙon bidiyo zuwa ga yarinyar da ba su taɓa gani ba, suka shaida mata cewa ba su riƙe ta a zuciya ba, suna kuma yi mata addu'a. Daga baya suka ƙaddamar da takardar koke suna neman a hana bai wa ƙananan yara bindigogi masu sarrafa kansu. Hukuma ba ta taɓa bayyana sunan yarinyar ba.